Fathia Ayinde da Tallan Ƙwayar Wake

Kafin masu sayar da buhuna na hanyar Zariya a Funtua su gama yayyafa ruwa a ƙofar shagunansu, Fathia Ayinde ta riga ta hau benen da ke samansu, ta buɗe ɗan ɗakin nan mai taga ɗaya, ta kunna kwamfuta. Sai ta ciro wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi daga jaka, ta jingina ta da kofin shayi, ta toshe kunnuwanta da abin saurare, ta fara kallon fim. Wanda ya leƙo zai ce ba mai jin daɗin aiki kamarta, tunda kallo ake biyanta ta yi. Amma a dubi yadda take zaune: yatsa a kan maɓalli, kafaɗa a ɗage, kamar mai jiran a kira sunanta a asibiti. Ba labarin take bi ba. Wurin da za a yanka take nema.

Fathia ita ce mai kula da hutun talla a Rumfar Kallo, manhajar nan ta waya da mutanen Funtua da Malumfashi da ƙauyukan da ke kewaye suke kallon wasan kwaikwayo da shirin noma da karatun malamai a cikinta. Ba a biyan kuɗin shiga, data kawai mutum zai saya. Abin da ke riƙe da rumfar shi ne ɗan tallan nan da ke katse shiri, na taki, na sabulu, na makaranta, na injin ban ruwa. Ranar da talla ya tsaya, sai an sa wa masu kallo kuɗi, ranar da aka sa kuɗi kuwa, yawancinsu sun tafi ke nan. Kowa na son shirin, ba mai son tallan, ita kuma a tsakaninsu aka ajiye ta.

A ƙarshen watan nan za ta ajiye aikin. Likitan ido ya gaya mata shekarun da ta yi tana zura wa allo ido sun isa haka, in dai tana son ta ci gaba da gane fuskar mahaifiyarta daga nesa. Shi ya sa na ga bai kamata ta sauko daga benen nan ba tare da mutanen da ta yi wa hidima sun san ko wace ce ba.

Haifaffiyar Funtua ce. Mahaifinta, marigayi Alhaji Ayinde, ya zo daga kudu tun yana saurayi, ya yi rayuwarsa yana sayar da kayan injin niƙa, a nan kuma aka binne shi. Mahaifiyarta Iyabo, wadda 'yan kasuwa ke kira Iya, har yau tana nan a rumfarta ta robobi. Hausawa ba su wahalar da kansu da sunan ba, Fatiha suke ce mata, ita kuma tana amsawa.

Da aka fara Rumfar Kallo, na'ura ce ke yanka shiri da kanta, duk inda lokaci ya cika sai ta jefo talla. Wata rana ta yanke wani malami a tsakiyar aya, tallan omo ya faɗo da kiɗa. Alhaji Abdussamad, mai kamfanin, ya ce har yanzu in ya tuna wayoyin da ya amsa a ranar sai gumi ya karyo masa. Tun daga nan ya danƙa wa Fathia aikin, kuma ba wani shiri da ya sake fita ba tare da ta kalle shi daga farko har ƙarshe ba. Ba ta yanka a tsakanin sallama da amsawa. In an yi mutuwa a cikin wasa, sai ta bari an share hawaye tukuna, ko da hutun zai makara. Ta lura masu talla na son ƙararsu ta fi ta shirin, ita kuma ta san da yawa daga masu kallonta mata ne da goyo a baya, sai ta riƙa rage ƙarar tana daidaita ta, suna faɗa tana ba su haƙuri. Tsohuwar wayar nan kuwa, da ita take gwada komai. In talla bai sauka a kanta ba, ba ya fita. An sha yi mata tayin sabuwa, amsarta ɗaya ce: "Mai sabuwar waya ba ya buƙatata."

Akwai lambar waya a ƙasan manhajar don masu ƙorafi, kuma a teburinta take ƙara. Ta sha zagi a kan laifin da ba nata ba. A cikin masu kiran akwai wata dattijuwa daga Tsiga, Lauratu, wadda ba ta barin mako ya wuce ba ta kira ta ce an yanke mata wasa a daidai wurin daɗi ba. Tun ana faɗa har aka koma gaisawa. Fathia na ce mata Inna, ita kuma tana tambayar lafiyar Iya, duk da ba su taɓa ganin juna ba.

Abin da zan ba ku labari ya faru ne a kakar bara waccan, lokacin da aka gama sussukar wake, kowa na neman yadda zai adana nasa ƙwari ba su cinye ba. Wani babban dillalin magungunan gona, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya kawo tallan wata ƙwaya da ake jefawa a buhu. Shi ne talla mafi tsoka da kamfanin ya samu a shekarar, kuma ya nemi a sa shi a cikin wasan da ake saki bayan magariba, wanda mata suka fi kallo. Fathia ta duba shi kamar yadda take duba kowane: tsawonsa, ƙararsa, shigar matar da ke ciki. Ba ta ga aibu ba. Ita ba manomiya ba ce, a gidansu mudu-mudu ake sayen wake. Tallan ya fita, ya yi ta fita.

Wata ranar Alhamis da hantsi wayar ƙorafi ta yi ƙara. Da ta ga lambar sai ta yi murmushi.

"Inna, yau kuma ina na yanke miki?"

"Fatiha, ba ƙorafi na kira ba yau." Muryar Lauratu a shaƙe take. "Muna asibiti. Jikokina ne, da uwarsu. Tun asuba suke amai, ƙaramar numfashi na yi mata wuya."

"Subhanallahi. Me suka ci?"

"Ba ci ba ne, 'yar nan. Ma'aikacin lafiyar nan ya tambaye ni ko mun ajiye wani abu a ɗakin da suke kwana. Na ce ba komai sai buhunan wake, da ƙwayar nan ta tallanku a ciki. Yadda matar ta yi haka na yi, ban ƙara ba, ban rage ba."

"Innalillahi," in ji Fathia.

"Ba don in ɗora miki na kira ba," in ji Lauratu. "Maƙwabciyata ma ta saya, na aika a gaya mata. Amma na tuna ba mu kaɗai ke kallo ba."

Da aka ajiye waya, Fathia ta buɗe tallan. Ta gan shi sau ba adadi, ta haddace kiɗansa, amma ranar ce ta fara kallon abin da ke bayan matar. Matar ta jefa ƙwaya a buhu, ta ɗaure, ta ja shi ta jingina a bango, ta kakkaɓe hannu tana dariya. A gefen buhun gado ne da gidan sauro a naɗe, ga ɗan takalmin yaro a ƙasa. Muryar mai talla kuma na cewa uwargida ta kwanta ta yi barcinta, ƙwari sun gama yawo.

Ta kira Alhaji Abdussamad. Wayarsa ba ta shiga. Ya tafi ta'aziyya wani ƙauye bayan Musawa inda sabis sai an hau tudu. Ta sake kira, ta tura saƙo, ta kira direbansa, duk shiru.

A ƙa'idar aikinta, tana da ikon dakatar da talla in ya lalace, in hoto ya tsaya ko murya ta ɓace. Ba ta da ikon cire tallan da aka yi yarjejeniya a kansa don ita ta ga bai dace ba. Ta zauna tana juya abin a ranta. In fa wani abu daban ne ya kama yaran? In ta cire, dillalin ya janye, wa zai riƙe kamfanin zuwa damina? Akwai masu ɗaukar hoto, akwai mai gadi, akwai 'yan wasa da ke jiran a biya su, kowa da iyalinsa. Sai ta sake kiran Lauratu, ta roƙi a ba ma'aikacin lafiyar waya.

"Hajiya, ba zan rantse miki ba sai an gama dubawa," in ji shi, ana jin kukan yaro a bayansa. "Amma warin da ke jikin tufafinsu da yadda ƙirjinsu yake, ni dai da gidana ne, da tuni na fitar da buhunan."

Ta danna maɓallin dakatarwa. Amma hankalinta bai kwanta ba, don ta fi kowa sanin cewa bai wadatar ba. Ita da kanta ta nace aka tsara manhajar ta riƙa sauke talla ta ajiye a waya tun kafin lokacinsa, saboda mutanen ƙauye masu raunin sabis kada shiri ya riƙa tsaya musu. Wannan tsarin da take alfahari da shi, shi ne yanzu zai ci gaba da nuna matar nan da buhunta a wayoyin da ba ta san iyakarsu ba. Tsohon talla ba ya gushewa daga waya sai an tura wani ya hau gurbinsa. Ko da ya gushe ma, wanda ya riga ya saya fa? Wanda buhunsa ke jingine a bakin gado tun jiya fa? Cirewa ba za ta gaya masa komai ba. Sai an yi masa magana, a daidai wurin da aka ce masa ya saya, kuma kafin a rufe ƙofofi a kwanta.

Muryar wa za su yarda da ita? Ba tata ba, ba wanda ya san ta. Sai ta tuna Malam Awaisu, tsohon malamin gona da ya yi ritaya, wanda ke amsa tambayoyi a shirin noma na manhajar, manoma na jin maganarsa kamar ta liman. Ta kira gidansa, aka ce yana gona a hanyar Malumfashi, ana casar masara, kuma ba ya jin waya in inji na aiki.

Ta yi azahar a gurguje, ta ja mayafi, ta tare ɗan acaba. Duk wanda ya san Funtua a kaka ya san yadda hanya ke cikewa. Manyan motoci sun yi layi, a-kori-kura na kutsawa, amalanke na bin gefe, ko'ina buhuna ne a jibge. Da can ba ta ko kallonsu. Ranar kuwa duk buhun da ta gani sai ta tambayi kanta a wane ɗaki zai kwana. Ta ce wa ɗan acaban ya ƙara wuta, ita da kullum take cewa a rage.

Ta tarar da Malam Awaisu a tsaye a kan masussuka, ƙaiƙayi ya rufe masa hula da gira. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa masa waya. Bai taɓa ganin tallan ba, don shi ba ya kallon wasan kwaikwayo. Ya matso da allon kusa da ido, ya kalla har ƙarshe, sannan ya ɗaga hannu aka kashe inji.

"Wa ya ce musu a sa wannan a ɗakin kwana?"

"Baba Malam, mu muka nuna."

"Wannan ƙwayar ba taɓa ta ke kisa kaɗai ba, iska take saki. Ita ce ke kashe ƙwarin. A sito ake amfani da ita, nesa da mutane, kuma wanda aka koya wa ne ke sawa. Tun yaushe kuke nuna shi?"

"Tun farkon sussuka."

Ya dubi buhunan da ke gabansa. "Innalillahi. To me kike so in yi?"

Suka koma ƙarƙashin wata ɗorawa. Ta riƙe waya da hannu biyu, ta fara ɗaukar hotonsa. Malam Awaisu malami ne, da ya fara sai ya ɗauko bayani tun daga yadda ƙwaro ke shiga wake. Ta tsayar da shi.

"Ka yi haƙuri, Baba. Hutun talla gajere ne. In ya yi tsawo ba zai sauka a ƙananan wayoyi ba, su kuma su nake nema."

Ya sake, ya sake yin tsawo. Rana na karkata, tana kallon inuwar itacen na ƙara miƙewa. A ƙarshe ya share fuska da hannun riga, ya kalli wayar kamar mutum ne a gabansa, ya ce: "Jama'a, Awaisu ne, malamin gona. Duk wanda ya sa ƙwayar adana hatsi a buhu ya ajiye a ɗakin da ake kwana, ya fitar da mutane yanzu, ya buɗe ƙofa da taga, a kai buhun nesa da inda ake zama. Iskarta guba ce. Wanda ya ji amai ko ƙirji ya riƙe, a kai shi asibiti, kada a jira gari ya waye. Ka gaya wa maƙwabcinka."

La'asar ta wuce kafin ta dawo ofis, ta tarar an ɗauke wuta. Mai gadi ya taimaka mata suka tayar da janareta. Ta gyara hoton, ta rage nauyinsa, ta gwada a tsohuwar wayar, ta sake ragewa. Sannan ta fara tura shi ya hau gurbin tallan dillalin, sabis kuwa ya zaɓi ranar ya yi nauyi. Ɗan layin da ke nuna tafiyar aikin ya riƙa jan jiki yana tsayawa. Tana zaune tana kallonsa, sai ga kira ya shigo. Dillalin ne. Yaransa sun gaya masa tallan bai fito ba da suka buɗe wasan da rana.

Ta yi masa bayani a natse, ta gaya masa yara na asibiti.

"Kayana na da rajista," in ji shi. "An rubuta yadda ake amfani da shi a jikin gwangwani."

"Ranka ya daɗe, masu saye ƙwaya-ƙwaya suke saya a leda, ba sa ganin gwangwani. Tallan suke gani."

"Wa ya ba ki izini? Alhajin ne?"

"Ban same shi ba tukuna."

"To ki mayar kafin magariba. Ke 'yar waye ma a garin nan da za ki taɓa min kasuwa a tsakiyar kaka?"

Ta san abin da tambayar ke nufi, ba ranar ta fara jin irinta ba. Ta ce, "'Yar Alhaji Ayinde ce, mai kayan injin niƙa. Ka yi haƙuri, ba zan mayar ba." Ya kashe waya.

Mai gadin, wanda ya ba ni wannan ɓangaren, ya ce ya ga ta kifa kai a kan tebur, ya ɗauka kuka take, ashe addu'a take yi. Ana shirin kiran magariba aikin ya gama hawa. Saura ta danna ya fita, sai ga kiran Alhaji Abdussamad. Ya fito kan titi, saƙonni sun shigo masa a tare, nata da na dillalin.

"Fathia, me kika yi min?"

Ta gaya masa komai, tun daga kiran Lauratu har maganar Malam Awaisu.

"Kin san wannan tallan ne ke riƙe da mu bana?"

"Na sani, Alhaji."

"Kin san in ya janye, ban san me zan gaya wa sauran ma'aikata ba?"

"Na sani."

"Yaran fa? Yaya suke?"

"Ban sani ba tukuna. Ƙaramar ce abin ya fi tsananta."

Sai ya ce, "Sake shi ya fita. Ki sa a kowane hutu, ba na wasan kaɗai ba."

Ta danna. Ta yi alwala, ta yi sallah a gefen tebur, ta dawo ta ɗauki tsohuwar wayar ta buɗe wasan kamar kowane mai kallo. Da aka zo hutun farko, sai ga fuskar Malam Awaisu da ƙaiƙayi a gira. Bai rufe baki ba wayar ƙorafi ta fara ƙara. Wani ya kira ya ce an tsoratar da matansa a banza. Wata ta tambaya ko gero ma haka ne. Wani magidanci daga Mahuta ya kira yana haki, ya ce buhunansa na bayan ƙofar ɗakin da yaransa ke kwana, yanzu ya gama fitar da su, me zai yi da tabarmin? Ta ba shi lambar Malam Awaisu, wanda ya yarda a bayar. Haka ta yi ta amsawa, kowane kira sai ta ji tsoron ko shi ne za a ce mata an makara.

Washegari ba ta hau bene ba. Ta bi rumfunan masu cajin waya da masu tura finafinai a memori, don ta san su ma suna kwafar wasan da tallansa su sayar wa waɗanda ba su da data. Rumfa bayan rumfa tana gaisawa, tana roƙo su goge tsohon, su sa maganar Malam a gaban duk abin da za su tura. Wasu sun karɓa nan take, wasu sai da ta koma. Daga nan ta wuce asibiti. A ranar ta fara ganin Lauratu ido da ido, 'yar siririyar tsohuwa zaune a bakin gado, da hannun jikanyarta a cikin nata. An sallami uwar da babban yaron. Ƙaramar ta jima a kwance, kwanakin da Iya ta ce 'yarta ba ta ci abincin kirki ba, waya na ƙara sai ta zabura. Allah ya tashi kafaɗun yarinyar, yanzu har ta shiga makaranta.

Dillalin ya janye, kamar yadda ya ce. Kamfanin ya sha wuya a shekarar, an dakatar da wani shiri, wasu ma'aikata sun nemi wani wurin, Fathia ta haɗa aikinsu da nata, kuma idonta ne ya biya. Ba kowa ne a ofis ya gode mata ba, akwai wanda ya daina gaishe ta. Na tambayi Alhaji Abdussamad ko ya yi nadama. Ya ce, "Na yi ta lissafi a mota, ban ɓoye maka ba. Ita ba ta jira lissafina ba, kuma na gode Allah da ba ta jira ba." Tun daga lokacin, duk tallan da ya shafi maganin gona ko na sha, sai wanda ya san abin ya gani kafin ya fita. Mutum nawa maganar Malam Awaisu ta fitar daga ɗaki a wannan maraicen? Ba wanda ya sani, ita ma ba ta sani ba, kuma rashin sanin ne ke damunta har yau. Ta ce wanda ya kira ta ji labarinsa, wanda bai kira ba fa?

Fathia, ke ce kika ɗauki ɗan lokacin da kowa ke ƙagara ya wuce, kika riƙe shi amana. Ke ce mai amsa wayar da ba a kiranta sai da fushi, kika yi ta amsawa da ladabi har ranar da aka kira ki da abin da ya fi fushi nauyi, kuma don kin saba saurare ne kika ji. Ba ki da tabbas, ba ki da izini, ba ki da wanda zai tsaya miki, tsoro ya cika ki, duk da haka kika hau mashin. An tambaye ki 'yar waye ke a garin nan. Tsiga ta san amsa, Mahuta ma ta sani. Mun gode. Allah ya ba idonki lafiya, ya jiƙan Alhaji Ayinde da ya bar mana ke, ya ja kwanan Iya.

Ga sauran masu irin wannan aiki, masu gidajen rediyo da talabijin da manhajoji, da matasan da ke karɓar talla suna sawa a shafukansu, ku dubi abin da kuke miƙa wa mutane. Wanda ke kallo a ƙauye ya yarda da ku ne, abin da ya gani zai yi, ba zai ƙara ba, ba zai rage ba. In ba ku san abu ba, ku tambayi wanda ya sani kafin ya fita. In kuma ya riga ya fita kuka gano da cuta a ciki, kada ku tsaya jiran wanda zai ba ku izinin faɗin gaskiya.

Wata matashiya mai suna Amatullah ce za ta gaji kujerar, kuma makonnin nan Fathia na zaune kusa da ita tana nuna mata aiki. Da na je na gaya mata zan yi wannan rubutun, sai ta rufe fuska da mayafi ta ce don Allah in bari. Da ta ga ba zan bari ba, ta leƙa ta taga. A ƙasa ana sauke sababbin buhuna daga mota, wake ya kusa isowa gida.

"To, tunda sai ka rubuta," in ji ta, "mutane da yawa za su karanta?"

Na ce ina fata.

"Ka sa musu a ƙarshe, inda ba za su tsallake ba. Kada a kwana ɗaki ɗaya da buhun da aka sa wa ƙwaya. Kuma wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai iya karatu ba."